Darasi na 14: Kuɗin Fito a Cikin Waya

Wani dare a ajinmu na tambayi ɗalibai, "Cikinku wa ya biya haraji a makon nan?" Mutum uku suka ɗaga hannu. Biyu mata ne masu kasa kaya, sun yanki tikitin kasuwa. Na ukun mai babur ne da ya je sabunta takardu. Na sake tambaya, "To wa ya sa kiredit ko ya sayi bandul?" Sai ga hannaye ɗaki guda, har da na wani dattijo da na ɗauka barci yake yi. Na ce musu ai duk sun biya. Wata Hajiya mai fataucin albasa ta gyara mayafi ta ce, "Malam, a dai faɗi gaskiya. Sidi goma na miƙa wa yaron, sidi goma kuma na ga ya shigo. Ta wace ƙofa harajin ya fita?"

Ƙofar nan da Hajiya take nema ita za mu bi a darasin yau, kuma sai mun taɓa lissafi. Kowa ya ajiye wayarsa kusa, za mu neme ta.

Lokacin da ake ganin mai karɓa

Biyan kuɗin hanya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su ƙetare Kwara, su yi watanni suna tafe. Wasu su biyo ta Sansanin Mango su sauka Yendi, daga nan sai Salaga, babbar kasuwar Gwanja, inda goron kurmin Asante yake jiransu. A kasuwar nan an sayar da bayi ma, kuma bai kamata mu tsallake wannan ba in muna ba da tarihinta.

Kowane kogi aka iso, kowace ƙasar sarki aka shiga, sai an biya fito. Madugu ne yake zama da wakilin sarki, a yi gaisuwa, a ja ciniki, a tsaya a kan abin da za a bayar, sannan ya raba wa 'yan ayari gwargwadon kayan kowa. Wuri ake ƙirgawa a ƙasa, ido na ganin ido. In wani sarki ya cika haɗama, baɗi sai ayari ya sake hanya, ya bar shi da mashigi babu mai wucewa. Salaga kanta ta ga yadda ciniki yake ƙaura. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 goro ya fara janyewa, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete-Krachi da Kintampo da sauran garuruwa, suka kafa zanguna.

Daga baya harajin lampo ya zo, wanda Turawa suka ɗora wa Arewa a 1936, sarakuna suna tarawa. Dattawan ajin nan sun san yadda ake bi gida gida, da yadda magidanci yake adana rasit kamar laya. Fito da lampo da tikitin kasuwa duk halinsu ɗaya: akwai mutum a tsaye gabanka da hannu a miƙe. Kana iya roƙonsa, kana iya yi masa gardama, wani ma ya zille ta bayan gida.

Akwai wani irin haraji kuma da ake cusawa cikin farashin kaya. Kai ka biya mai shago, mai shago ya kai wa gwamnati. Ba ka ga mai karɓa ba, ba ka kuma ji lokacin da aka karɓa ba. Na waya da intanet irin wannan ne. Hukumar da take tattara shi ita ce GRA, kuma ba ta zuwa Bawku neman Hajiya. Kamfanonin waya take jira, MTN da Telecel da AT da sauransu, su kawo mata abin da suka tara duk wata.

Yadda aka fara harajin magana

Wayar hannu ta shigo Ghana a 1992, amma ta daɗe tana hannun masu hali a Ankara da Kumasi. A nan Arewa saƙo sai ta hannun direban lori, ko wasiƙar da ɗan makaranta ya rubuta wa tsohuwa, ko a ɗauki murya a kaset a aika. Sai zamanin 'yan laima ya zo, waɗanda ake kira sifes-tu-sifes: teburi da kujera da waya ɗaya, ka yi magana ana duba minti. Ba a jima ba waya ta shiga aljihun mai goro da mai faci da mai tallan koko.

Gwamnati ta daɗe tana karɓar kuɗin kwastan a kan wayoyin da ake shigowa da su, sai dai waya ƙaramar aba ce, tana shiga aljihun riga ta wuce iyaka ba wanda ya sani. Mutanen Bawku, da Sankasi ke kusa da su, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Gwamnatin Shugaba John Kufuor ta sake dabara: a ɗauke kuɗin kwastan daga kan waya, a ɗora haraji a kan amfani da ita. Ana iya ɓoye waya a iyaka, amma kira dole ya bi ta na'urar kamfani, na'ura kuwa ba ta mantuwa. Haka aka yi Doka ta 754 a 2008, harajin sadarwa na kashi 6 cikin 100. A takardu za ku ga an rubuta CST. Jama'a kuwa harajin magana suka raɗa masa. Ya hau kan kira da saƙon tes da data, da kuɗin da ake biyan kamfanonin intanet. A 2013 kuɗin kwastan ya dawo kan wayoyi, harajin magana kuma bai matsa ko nan da can ba.

Shi ma ba shi kaɗai ne a kan kiredit ba. Ya tarar da VAT, wanda ke kan yawancin kayan shago. VAT ɗin nan da jini ya shigo. Da gwamnatin Rawlings ta kawo shi a 1995 a kan kashi 17.5, aka yi zanga-zangar Kume Preko a Ankara cikin watan Mayu, aka rasa rayuka, aka janye shi. A 1998 ya dawo a kan kashi 10, ya riƙa hawa a hankali. Akwai kuma harajin inshorar lafiya, NHIL, da na asusun ilimi, GETFund, kowanne kashi 2.5. A watan Mayun 2021 aka ƙara kashi 1 da sunan farfaɗowa daga korona.

Mu buɗe sidi goman Hajiya

A ɗauki alƙalami. Za mu yi lissafin yadda abin yake daga 2023 zuwa ƙarshen 2025, don a nan ne aka fi ganin dabarar.

A ce ainihin kuɗin kaya sidi 100 ne. Na lafiya sidi 2.50, na ilimi sidi 2.50, na korona sidi 1. An tashi 106. Yanzu sai VAT na kashi 15 ya zo. A kula da kyau, a kan 106 ake lissafa shi, ba a kan 100 ba. Kashi 15 na 106 shi ne 15.90. In an haɗa, mai saye zai biya 121.90. Pesuwa 90 ɗin nan da ta ɗoru, haraji ne aka biya a kan haraji, kamar a ce mai fito ya caje ka kuɗin jaki, ya kuma caje ka a kan kuɗin da ka ba shi.

In kayan kiredit ne ko data, sai a ƙara harajin sadarwa, wanda tun 2020 yake kashi 5. Jimla ta kai wajen sidi 127. Ke nan duk 127 da ka ba kamfani, wajen 27 na gwamnati ne. A sidi goman Hajiya, sidi biyu da 'yan pesuwa.

Daga Janairun 2026 an soke na korona, an kuma daina ɗora VAT a kan 'yan uwansa. Yanzu 15 da 2.5 da 2.5 ake haɗawa, ya ba da 20 cif. Da na sadarwa a kai, har yanzu wajen sidi biyu ne a cikin kowane goma.

To ta ina ya fita, tunda goma ta gani a waya? Ta farashin minti da na data. An riga an kumbura su da harajin, saboda haka goman tana ƙonewa da sauri fiye da yadda za ta ƙone in babu shi. Mudun ne aka rage, kuɗin mudu yana nan yadda yake.

Ga wani wuri da ɗalibai suke yawan tuntuɓe. In an ce maka kaya sidi 120 ne har da harajin kashi 20, kada ka cire kashi 20 daga 120, domin zai ba ka 24, kuma kuskure ne. An lissafa harajin ne a kan 100, saboda haka 20 ne, wato kashi ɗaya cikin shida na abin da ka biya. Raba jimlar gida shida, gida ɗaya na gwamnati. Mai shagon da ya iya wannan ba za a rikita shi da rasit ba.

Wata biyu da kaza ta fita daga gashinta

A tsakiyar 2019 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya ɗaga harajin sadarwa daga kashi 6 zuwa 9, ya ce za a yi amfani da ƙarin wajen gina harkar fasaha da yaƙi da masu damfara ta intanet. Ranar 1 ga Oktoba aka fara. Sai kamfanonin waya suka yi abin da ba a zata ba. Maimakon su cusa shi cikin farashin minti kamar da, suka riƙa cire shi nan take, suna kuma turo saƙo. Ka sa sidi 1 ka ga pesuwa 93. Ka sa sidi 10 ka ga 9.30, ga bayani a rubuce cewa sauran ya tafi haraji. Wanda ya fahimci lissafin da muka yi yanzu ya san dalilin da kashi 9 ya zama pesuwa 7: a kan ainihin kuɗin aka lissafa shi, bayan an ware sauran haraji.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Masu sayar da kati suka sha zagi a kan laifin da ba nasu ba, gidajen rediyo suka cika da koke. Shekara goma sha ɗaya mutane suna biyan harajin nan ba su ce uffan ba, ranar da aka rubuta musu shi a fuskar waya sai ya zama abin faɗa. Ministar sadarwa Ursula Owusu-Ekuful ta umarci kamfanoni su daina cirewa a fili. Zuwa ƙarshen Nuwamba suka mayar da shi cikin farashi. Kashi 9 yana nan, ko pesuwa ba a rage ba, amma surutu ya lafa. Sai a ranar 15 ga Satumban 2020, da korona ta tsare mutane a gida ga zaɓe ya ƙarato, aka sauke shi zuwa kashi 5.

Ni dai a ganina saƙon nan na Oktoba shi ne rasit mafi gaskiya da mai waya ya taɓa samu a ƙasar nan. Kamfanoni ba don Allah suka yi ba, so suke fushin jama'a ya wuce su ya sauka kan gwamnati. Duk da haka sun koyar da darasin da muke fama da shi yau, cikin layi biyu.

E-Levy

Momo, wato tura kuɗi ta waya, ta fara a 2009, kuma a garuruwa irin namu ta yi abin da banki bai yi ba. Mai doya a ƙauyukan Salaga ya loda mota, ta bi ta Makango ta hau jirgin fito zuwa Yeji, kafin ta kai Ankara dillali ya turo kafin alƙalami. Mai albasa a Bawku, ko tasu ta gida ko ta Galmi da ke shigowa daga Nijar, ta sallami manomi da direba da 'yan dako tana zaune a rumfa. Yaron da ke aiki a Kumasi ya aiko wa tsohuwa kuɗin magani a Yendi.

Gwamnati ta ga kuɗi yana gudana kamar kogi, ta ce bari ta kafa mashigi. A kasafin Nuwamban 2021 aka kawo E-Levy, kashi 1.75 a kan kuɗin da aka tura ta waya. Majalisa a lokacin ta rabu biyu daidai, kujeru 137 kowane ɓangare da ɗan ba-ruwanmu guda. Daren 20 ga Disamba gardama ta kai ga dambe a zauren majalisa, duniya tana kallo. Sai 29 ga Maris 2022 aka zartar da shi a kan kashi 1.5, bayan 'yan adawa sun fice. Shugaba Akufo-Addo ya sa hannu, shi da yake cikin jagororin Kume Preko a 1995. Mulki kenan. Ranar 1 ga Mayu aka fara cirewa.

A lokacin, sidi 100 na farko a kowace rana babu haraji. Wanda ya tura 500, a kan 400 za a lissafa, ya biya sidi 6, ban da ladan kamfani. Wanda ya tura 5,000 ya biya 73.50. Abin da ya fi ci wa 'yan kasuwa rai shi ne ba riba ake bi ba. Jarin ne kansa ake gutsura duk lokacin da ya sauya hannu, ko an ci riba ko an faɗi. Kuma kowane turawa sai saƙo ya shigo da adadin da aka cire.

Jikokin madugu suka yi abin da kakanninsu suke yi wa sarki mai haɗama, suka sake hanya. Saka kuɗi da cire kuɗi a wurin ejan babu E-Levy, saboda haka sai mutum ya ciro tsaba, ya miƙa wa ejan, ya ce a zuba a lambar wane. Mai aika 300 ya raba shi kwana uku. Wasu suka koma ɗaure kuɗi a leda suna ba direba, a hanyoyin da ba a rasa 'yan fashi. Gwamnati ta sa ran sidi biliyan 6.9 a shekarar farko, abin da ya shigo bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A Janairun 2023 aka rage shi zuwa kashi 1. A zaɓen 2024 manyan 'yan takara biyu, John Mahama da Mahamudu Bawumia, dukansu 'yan Arewa, kowa ya yi alkawarin soke shi. Ranar 2 ga Afrilun 2025 Shugaba Mahama ya sa hannu aka binne shi.

A gwada su biyun. E-Levy kashi 1 ne, yana aiko da saƙo, bai cika shekara uku ba. Harajin sadarwa kashi 5 ne, bakinsa alaikum, yana nan tun 2008.

Kamfanin da ba shi da shago a garinku

Wani matashi mai ɗinka batakari a Yendi yana biyan Facebook don a nuna kayansa ga masu saye a Ankara da Landan. Wata malamar asibiti a Salaga tana biyan kuɗin kallon fim a Netflix. Kamfanonin nan ba su da rumfa a kasuwar kowa, ba mai yanka musu tikiti. Shekara da shekaru kuɗin yana fita ƙasar waje ba tare da VAT ba, alhali gidan rediyon gari in ya yi maka talla sai ya ɗora. Dokar VAT ta 2013 ta ce kamfanin waje da ke sayar wa mutanen Ghana hidima ta intanet ya yi rajista, amma sai a Afrilun 2022 GRA ta buɗe musu hanyar yin rajistar da biya daga inda suke. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook, ya fara ɗora harajin a kan kuɗin talla. Wa ya biya? Mai batakari. Tallan sidi 100 ya koma 121.90 a lokacin.

WhatsApp kuwa ba a biyan kuɗin shiga, to babu farashin da za a ɗora wa haraji. Sai dai ba ya tafiya sai da data, data kuma mun ga abin da ke cikinta. Ƙasashen da suka gwada kafa mashigi a bakin ƙofarsa sun sha mamaki. Uganda ta sa shilin 200 a rana a 2018 kafin mutum ya shiga dandalin sada zumunta. Matasa suka koyi zagayewa ta wata manhaja, a 2021 gwamnati ta haƙura ta mayar da shi kashi 12 a cikin kuɗin data. A Lebanon, cikin Oktoban 2019, shawarar sa haraji a kan kiran WhatsApp ce ta kunna wutar zanga-zangar da ta kai firaminista ga murabus.

Akwai kuma kiran da ke shigowa daga waje. Wata doka ta 2009 ta ƙayyade cewa kowane minti kada ya gaza santi 19 na dalar Amurka, santi 6 daga ciki na gwamnati. Shi ya sa wani lokaci ɗanka zai kira daga Jamus amma ka ga lambar gida ta fito. 'Yan fasa-ƙwaurin kira ne suka karkatar da shi ta intanet, suka shigo da shi ta akwati mai cike da sim, don ya zama kamar daga maƙwabta aka kira. Ko a sararin sama akwai barauniyar hanya.

Ina kuɗin yake zuwa, wa kuma ya fi jin nauyinsa

Kada wani ya fita daga ajin nan ya ce Malam ya ce haraji zalunci ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, mutanen Salaga masu rijiyoyi sun fi kowa sani. Katin inshorar lafiya da ake nunawa a asibitin Yendi, kashi 2.5 ɗin nan na cikin abin da ke riƙe da shi. Azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai da aka rubuta wa GETFund a bango, daga ɗaya kashi 2.5 ɗin suka fito. Kuma a ƙasar da yawancin masu sana'a ba su da albashin da za a yanka, gwamnati dole ta nemi inda kowa yake bi.

Amma wanda ya ba da kuɗi yana da bakin tambaya. Da aka kafa harajin sadarwa, an ce kashi 20 cikin 100 na abin da aka tara zai tafi shirin samar wa matasa aiki. Shirin ya zama GYEEDA, a 2013 aka bankaɗo yadda aka riƙa biyan miliyoyi a kan kwangilolin da ba a yi ba, a 2018 kotu ta ɗaure tsohon shugaban shirin da wani ɗan kasuwa. Pesuwar mai koko tana cikin kuɗin nan. Hukumar YEA ce ta gaji aikin a 2015.

Haraji kuma in ya samu wurin zama ba ya son tashi. Na korona ya kai ƙarshen 2025, bayan an daɗe da jefar da takunkumin fuska. Ba mu kaɗai ba ne. Amurka ta sa harajin tarho a 1898 don yaƙinta da Sifen. Yaƙin bai kai shekara ba, harajin kuwa aka yi ta soke shi ana dawo da shi, sai a 2006 aka daina karɓarsa a kan kiran nesa.

Babban abin da ke damuna shi ne wannan haraji bai san fuska ba. Sidi biyun da ke cikin goman babban ɗan kasuwa a Ankara, shi ne a cikin goman bazawarar da ke jiran kiran ɗanta. A wurinsa ƙura ce, a wurinta kuɗin gishiri da magi ne. Ƙari a kan haka, mai ƙaramin ƙarfi ƙaramin bandul yake saye, wanda ya fi tsada in aka auna da yawan datar da ke ciki, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa. Na taɓa kwana a wani ƙauye a gabashin Gwanja inda ake hawa wata 'yar tudu kusa da makaranta kafin a samu sabis. Da magariba za ka ga mutane tsaye a kai, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Bandul ɗin kwana ɗaya da na saya ya mutu ban ci rabinsa ba, harajinsa kuwa an karɓa cif tun a wurin saye. Akwai asusun GIFEC da aka kafa don kai sabis irin waɗannan wurare, kamfanonin waya ne suke zuba masa kuɗi. A Bawku ma, daren da dokar hana fita ta rufe mutane a gida, waya ce kasuwa, ita ce zumunci, ita ce hanyar jin ko ɗan'uwa ya isa lafiya. Abin da mutum ba ya iya bari, shi ne mai haraji ya fi so.

Hajiya ta saurari duk wannan, ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, tunda dole ne, su riƙa rubuto mana mana. Ko ɗan dako in ya ɗauki buhu ai yana faɗin ladansa." Dattijon baya ya buɗe ido ya ce, "Hajiya, in suka rubuto, ke ce ta farko da za ki tara musu mutane."

Aikin gida

Daga gobe har kwana bakwai, kowa ya rubuta duk kiredit da bandul da ya saya, nasa da wanda ya saya wa iyali. Ranar da muka dawo a haɗa jimla, a raba ta gida biyar. Gida ɗaya shi ne kimanin abin da ya tafi haraji. A ninka shi sau 52 don a ga na shekara, sannan a gwada shi da kuɗin tikitin kasuwa ko lasin ɗin shago da mutum yake biya a shekara. Wanne ya fi yawa?

Sai wannan lissafi. Wata mai albasa ta tura sidi 2,100 daga Bawku a rana ɗaya cikin Yunin 2022. Nawa E-Levy ya ci? Da a Yunin 2023 ta tura, nawa zai ci? A Yunin 2025 fa?

Wanda yake da rasit na shago ko na gidan mai ko na kuɗin talabijin, ya zo da shi, mu nemo VAT da NHIL da GETFund a jiki, mu ga ko akwai CST. Wanda karatunsa bai kai nan ba tukuna ya zauna kusa da wanda ya iya. A kuma tambayo dattijo ɗaya a gida nawa ne lampon ƙarshe da ya biya, da sunan da ake kiran mai karɓarsa a unguwarsu.